Darasi na Tara: Yadda Ake Shirya Tafiyar Buɗe Ido da Motar Shata

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so mai koyo ya iya:

1. Bayyana ma'anar shata, zango, kafin alƙalami, kasafi da kuɗin ko-ta-kwana.
2. Raba doguwar hanya zango-zango, ya kuma lissafa lokacin da kowane zango zai ci.
3. Zaɓar direban kirki, da duba takardu da lafiyar mota kafin a biya kuɗi.
4. Rubuta yarjejeniya tsakaninsa da direba.
5. Lissafa kuɗin tafiya gaba ɗaya, da abin da zai faɗa kan kowane matafiyi.

Gabatarwa

Mutanen Samaru da Sabon Gari ba baƙin hanya ba ne. Sabon Gari ta bunƙasa ne a gefen tashar jirgin ƙasa, bayan da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Samaru kuwa, tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 take karɓar baƙi daga kowace kusurwa ta Najeriya. Wanda ya tsaya a Kwangila da safe zai ga motocin Kano da Kaduna da Funtua suna ta lodi.

Sai dai yawancin tafiye-tafiyenmu na lalura ne: sarin kaya, biki, ta'aziyya ko jinya. Mutum zai yi shekaru yana zuwa Kantin Kwari, amma bai taɓa hawa Dutsen Dala ba. Wasu na ɗauka cewa yawon buɗe ido sai Turawa da masu hannu da shuni. Ba haka ba ne. Mutum shida masu ƙaramin ƙarfi za su iya haɗa kuɗi su ga jihohi biyar cikin kwana biyar, muddin sun zauna sun tsara abin tun daga gida. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan darasi zai koya mana yadda ake wannan shiri da biro da takarda.

1. Mene ne shata?

Idan ka shiga motar haya a tasha, kuɗin kujera ɗaya ka biya. Sai mota ta cika za a tashi, kuma direba ba zai tsaya domin kai ka kalli wani dutse ko wani kogi ba. Idan kuwa ka yi shata, ka ɗauki motar ce gaba ɗaya tare da direbanta. Kai za ka faɗi lokacin tashi, da inda za a bi, da inda za a tsaya.

> Ma'anar kalma
> Shata: ɗaukar mota gaba ɗaya tare da direbanta na wani lokaci, a kan kuɗin da aka yi ciniki.
> Yawon buɗe ido: tafiyar da aka yi musamman domin ganin wurare da sanin tarihinsu da rayuwar mutanensu.

Shata iri biyu ce. Akwai ta zuwa wuri guda, kamar kai amarya Kaduna a dawo. Akwai kuma ta kwanaki, inda ake biyan mota kullum. Ta biyun ce ta dace da yawon buɗe ido, domin akwai tsaye-tsaye da kwana a hanya.

Girman mota ya danganta da yawan mutane. Mutum uku ko huɗu, ƙaramar mota irin Golf ta ishe su. Mutum shida suna bukatar Sharon ko Sienna. Idan sun haura goma, sai bas. Kada a cusa mutane fiye da yawan kujeru don a rage kuɗi. Zaman matsi na awa biyu abu ne da ake jurewa, amma na kwana biyar yana jawo ciwon jiki da ɓacin rai.

2. Zaɓen hanya da raba ta zango-zango

Tambaya ta farko da ayari zai amsa ita ce: me muke so mu gani? Kowa ya faɗi wuri ɗaya ko biyu, a rubuta. Daga nan sai a duba taswira, ta takarda ko ta waya, a jera wuraren yadda hanya ɗaya za ta haɗa su. Hanyar da ta fi riba ita ce ta zagaye, wato a fita ta wata hanya a dawo ta wata, domin kada a ƙona mai a kan titin da aka riga aka gani.

> Ma'anar kalma
> Zango: tafiyar yini ɗaya, daga inda aka tashi zuwa inda za a kwana.
> Jadawalin tafiya: takardar da ke nuna rana, hanya, nisa, wuraren ziyara da wurin kwana.

Misali na 1

Mutum shida, uku daga Samaru, uku daga Kasuwar Sabon Gari, sun shirya zagayen kwana biyar. Ga jadawalinsu. Nisan da aka rubuta kimantawa ne.

*Rana ta 1: Zariya zuwa Kano, kimanin kilomita 160.* Za su bi ta Tashar Yari da Kwanar Dangora da Kura. A Kano za su shiga Gidan Makama, inda aka adana kayan tarihin birnin, sannan Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Za su kuma ga marinar Ƙofar Mata, inda har yau ake rini da baba. Da la'asar, in rana ta yi sanyi, sai su hau Dala. Kwana a Kano.

*Rana ta 2: Kano zuwa Bauchi, kimanin kilomita 300.* Hanyar ta bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi. A Birnin Kudu, cikin Jihar Jigawa, akwai zane-zanen da mutanen dā suka yi a jikin duwatsu. A Bauchi za su ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Najeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Kwana a Bauchi.

*Rana ta 3: Bauchi zuwa Yankari, kimanin kilomita 110.* Za su bi hanyar Gombe, su karkata a Dindima. An keɓe dajin Yankari domin namun daji a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Akwai giwaye da ɓauna da dorina da birai. Akwai kuma maɓuɓɓugar Wikki, mai ruwan ɗumi da ke tsaye a kan kusan digiri 31 dare da rana. Kwana a Yankari.

*Rana ta 4: Yankari zuwa Jos, kimanin kilomita 240.* Da sassafe za su zaga daji tare da ɗan jagora, sannan su koma ta Bauchi su hau tudun Jos. Kwana a Jos.

*Rana ta 5: Jos zuwa Zariya, kimanin kilomita 240.* Da safe za su shiga gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, inda ake ajiye sassaƙen yumɓu na Nok. A harabarsa akwai sashen gine-ginen gargajiya, har da kwaikwayon tsohon Masallacin Juma'a na Zazzau, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Bazazzagi zai ji daɗin ganin aikin garinsu a can. Daga nan sai gida, ta Jengre da Saminaka da Pambeguwa.

Jimillar nisa: 160 + 300 + 110 + 240 + 240 = kilomita 1,050. Sai a ƙara 150 na zirga-zirgar cikin gari, ya zama kilomita 1,200.

A lura da abu biyu. Ba a sa zango mafi tsawo a ranar farko ba, domin a fara gane halin mota da na direba a hanyar da aka sani. Sannan kowace rana tana da wuraren ziyara kaɗan. Wanda ya jera wuri bakwai a yini guda zai dawo da hotuna a waya, amma ba zai iya ba da labarin ko ɗaya ba.

Lokacin shekara ma yana da muhimmanci. Da damina ramuka sukan yi yawa, ciyawa kuma takan rufe namun daji. Da hunturu hazo yana rage ganin direba da safe, kuma sanyin Jos yana bukatar rigar sanyi da bargo. A Yankari an fi ganin dabbobi da rani, lokacin da ƙishirwa ke tara su a bakin Kogin Gaji. A ranakun hawan Sallah kuwa masauki yakan yi wuya a Kano, don haka sai a kama ɗaki tun da wuri.

3. Lissafin lokaci

Kuskuren da aka fi yi shi ne lissafi da gudun da mota za ta iya yi. Hanya tana da ramuka da shingayen jami'an tsaro da kasuwannin bakin titi da manyan motoci. Saboda haka a yi lissafi da kilomita 60 a awa guda.

Ƙa'idar ita ce: nisa ÷ 60 = awannin tuƙi. Sai a ƙara lokacin sallah da abinci da ziyara.

Misali na 2

Kano zuwa Bauchi kilomita 300 ne.
300 ÷ 60 = awa 5.
Tsayawa a Birnin Kudu: awa 1.
Sallah, abinci da shan mai: awa 1.
Jimilla: awa 7.

Idan an tashi da ƙarfe 7:00 na safe, za a shiga Bauchi wajen ƙarfe 2:00 na rana, da sauran lokacin ziyara. Idan kuwa aka yi nawa har 12:00, sai 7:00 na dare za a isa, cikin duhu, a garin da ba a sani ba. Dokar ayari ita ce a tashi bayan gari ya waye, a sauka kafin magariba.

4. Zaɓen direba da duba mota

Wannan shi ne mataki mafi nauyi, domin rayukanku za ku danƙa a hannun mutum ɗaya na tsawon kwanaki. Kada araha ta ruɗe ku. A nemi direba ta hannun wanda ya taɓa tafiya da shi, ko ta ofishin ƙungiyar direbobi ta NURTW, wato yuniyon, a tashar da yake lodi. Direban da ke da rajista a tasha yana da shugabannin da za a kai wa ƙara idan an sami saɓani.

A yi masa waɗannan tambayoyi:

- Ka taɓa bin wannan hanya? Yaushe ne na ƙarshe?
- Motar taka ce, ko ta maigidanka? Idan ta maigida ce, ya san da wannan tafiya?
- Kai da kanka za ka tuƙa, ko wani za ka turo?
- Ka san bakanike a Bauchi ko Jos idan mota ta ba da matsala?

Bayan tambaya sai takardu. A gani da ido, a kuma duba ranar ƙarewar kowace: lasisin tuƙi, lasisin mota, takardar inshora, takardar shaidar lafiyar mota da takardar mallaka. Motar da takardunta suka mutu za ta riƙa ɓata muku lokaci a kowane shinge.

> Ma'anar kalma
> Inshora: kuɗin da mai mota ke biyan kamfani duk shekara, domin kamfanin ya biya diyya idan motar ta jawo wa wani asara. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke kare wanda aka yi wa ɓarna.

Sai ita motar. Idan ba ku san mota ba, ku je da bakaniken da kuka yarda da shi, kwana biyu ko uku kafin tafiya. A duba birki, fitilu, waifa, baƙin mai, ruwan lagireto da batir. A tabbatar akwai safaya mai iska, jak, sifana, tukunyar kashe gobara da alamar gargaɗi mai kusurwa uku. A gwada bel na kowace kujera.

Taya tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2423, an yi tayar a mako na 24 na shekarar 2023. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, ko da zanenta bai cinye ba. Tsohuwar taya takan fashe idan kwalta ta yi zafi.

5. Yarjejeniya

Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin direba da masu shata ba daga mugunta take zuwa ba. Daga abin da ba a faɗa ba ne tun farko. Direba yana ganin mai a kanku yake, ku kuna ganin yana cikin kuɗin shata. Maganin wannan shi ne a faɗi komai, a rubuta, a sa hannu gaban shaidu. Rubutu ba rashin yarda ba ne. Kariya ce ga ɓangarorin biyu.

> Ma'anar kalma
> Yarjejeniya: sharuɗɗan da ɓangarori biyu suka amince da su, aka rubuta, aka sa hannu gaban shaida.
> Kafin alƙalami: kuɗin da ake fara bayarwa domin tabbatar da ciniki, kafin a biya sauran.

Misali na 3

Jagoran ayari, wani malamin makaranta daga Samaru, ya sami direba a tasha.

Malam: Salamu alaikum. Alhaji, barka da aiki. Ya hanya?

Direba: Wa alaikumus salam. Hanya alhamdu lillahi, Malam. An ce shata kuke so.

Malam: Haka ne, ta kwana biyar: Kano, Bauchi, Yankari, Jos, mu dawo gida. Nawa za mu ba ka a kullum?

Direba: A ba da dubu hamsin.

Malam: Alhaji, a duba mana. Mai fa a kanmu yake, haka abincinka da ɗakin kwananka. Mun saya arba'in.

Direba: To, in dai mai da masauki naku ne, Allah Ya sa albarka. Amma in mota ta lalace fa?

Malam: Gyara naka ne, tunda motarka ce. In ta kwana a gareji, ba za mu biya kuɗin wannan rana ba. Mu kuma in muka ƙara kwana da son ranmu, za mu biya cikakken kuɗin yini.

Direba: Wannan adalci ne. Sai dai ni ba na tuƙin dare, Malam.

Malam: Mu ma abin da muke so ke nan. Mu je wurin ciyaman ɗin yuniyon a rubuta, ya zama shaida.

Takardar da za su rubuta ta ƙunshi:

1. Sunan direba da na jagoran ayari, da lambar mota.
2. Ranar tashi, ranar dawowa da garuruwan da za a bi.
3. Kuɗin shata na kullum, da yadda za a biya.
4. Wanda zai sayi mai.
5. Abinci da masaukin direba.
6. Wanda zai ɗauki nauyin gyara da faci, da tarar da ta shafi takardun mota.
7. Hukuncin ƙarin kwana ko fasa tafiya.
8. Sharaɗin cewa ba tuƙin dare, kuma ba ɗaukar fasinja ko kayan wani a hanya.

Kada a biya kuɗi duka tun farko. A ba da kashi ɗaya cikin uku a matsayin kafin alƙalami, kashi na biyu a tsakiyar tafiya, na ƙarshe idan an dawo. Kowane biya a rubuta shi, ko a yi ta banki domin a sami shaida.

6. Kasafin kuɗi

> Ma'anar kalma
> Kasafi: lissafin duk abin da za a kashe, tun kafin a kashe shi.
> Kuɗin ko-ta-kwana: kuɗin da ake warewa domin abin da ba a zata ba, kamar rashin lafiya ko ƙarin kwana.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai ya zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke cin kuɗin tafiya, kuma farashinsa yana canzawa. Don haka a koyi lissafinsa. A tambayi direba kilomita nawa motarsa ke yi da lita ɗaya.

Ƙa'idar ita ce: jimillar nisa ÷ kilomitan lita ɗaya = yawan lita. Sannan yawan lita × farashin lita = kuɗin mai.

Misali na 4

Farashin da ke ƙasa na koyon lissafi ne kawai. Idan za ku yi naku, ku tambayi farashin ranar.

Motar ayarinmu tana yin kilomita 8 da lita ɗaya.
1,200 ÷ 8 = lita 150.
Idan lita ₦1,000 ce: 150 × 1,000 = ₦150,000.

Ga cikakken kasafin:

- Mai: ₦150,000
- Shata: ₦40,000 × kwana 5 = ₦200,000
- Abincin direba: ₦6,000 × 5 = ₦30,000
- Masaukin direba: ₦10,000 × dare 4 = ₦40,000
- Masaukin ayari: ɗaki 3 × ₦20,000 × dare 4 = ₦240,000
- Abincin ayari: mutum 6 × ₦5,000 × 5 = ₦150,000
- Kuɗin shiga wurare da na 'yan jagora: ₦60,000

Jimilla: ₦870,000.
Kuɗin ko-ta-kwana, kashi 10 cikin 100: ₦87,000.
Jimillar ƙarshe: ₦957,000.
Kason kowane mutum: 957,000 ÷ 6 = ₦159,500.

Wannan kuɗi yana da nauyi idan za a fitar da shi lokaci guda. Amma idan kowa zai riƙa zuba ₦16,000 duk wata, kamar yadda ake zubin adashi, cikin wata goma an haɗa shi. Akwai kuma hanyoyin ragewa. Idan aka sauka gidan 'yan uwa a Kano, an tsira da ₦60,000 na dare ɗaya. Guzuri irin su kilishi, ƙuli-ƙuli, dabino, soyayyar gyaɗa da garin kwaki yana rage kuɗin abincin rana. Wurin da ba a yin tsimi shi ne taya, birki da barcin direba.

A naɗa ma'aji ɗaya mai riƙe kuɗi da littafi. Kowane dare ya karanta wa ayari abin da aka kashe da abin da ya rage. Kada a ɗauki kuɗin duka a aljihu. A riƙe na yini ɗaya ko biyu, sauran a bar su a banki, a riƙa cira a manyan garuruwa. Kafin a shiga Yankari a cika tanki a Bauchi, a kuma tanadi tsabar kuɗi, domin sabis na waya yakan yi rauni a daji.

7. A kan hanya

*Tsaro.* Halin hanyoyinmu yana canzawa. Wasu hanyoyin Arewa maso Yamma, musamman waɗanda suka ratsa Zamfara da Birnin Gwari, sun sha fama da 'yan bindiga. Saboda haka kowace safiya a tambayi direbobin tasha da suka bi hanyar jiya ko yau. Idan suka ce ba lafiya, a canza hanya ko a dakata, ko da an riga an biya masauki. A bar kwafin jadawali da lambar mota a gida, a riƙa kiran iyali a kowane zango. Kada a riƙa sanar da inda ake a Facebook ko WhatsApp. Hotuna za su iya jira a dawo. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112.

*Gudu.* Dokar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Kowa ya ɗaura bel, har na baya. Idan direba ya fara gudun wuce kima, jagoran ayari ya yi masa magana cikin ladabi. Ku kuka ɗauko motar, kuna da hakkin cewa a rage.

*Hakkin direba.* Direba abokin tafiya ne, ba bawa ba. FRSC tana ba da shawarar hutun aƙalla minti 15 bayan tuƙin awa huɗu. A ba shi ɗakin da zai miƙe ya yi barci, kada a bar shi ya kwana a mota. A ci abinci tare da shi, a kira shi da sunan girmamawa. Idan kun isa masauki, kada a sake tayar da shi yawon dare. Direban da ya ƙoshi ya yi barci ba ya bukatar ƙwaya don ya buɗe ido. Wanda kuwa aka ga yana shan ƙwaya ko giya, a sauka daga motarsa.

*Ibada da lafiya.* A sa lokutan sallah cikin jadawali, a kuma tambayi malami hukuncin ƙasaru kafin a tashi. Idan akwai Kirista a ayari kuma Lahadi ta faɗo cikin tafiya, a ba shi lokacin zuwa coci. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauki maganin da zai ishe shi har da ƙarin kwana biyu. A tafi da ruwan sha mai yawa da gidan sauro.

*Ladabin baƙo.* A yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, fada ko wurin ibada. Ba a ɗaukar hoton shingen jami'an tsaro. A Yankari a bi umarnin ɗan jagora, kada a ba birai abinci, a kuma rufe mota da ɗaki domin sukan wawuri kaya. Kada a yi rubutu a jikin duwatsun tarihi, kada a zubar da leda. Jikokinmu ma suna da hakkin su tarar da wuraren nan yadda muka same su.

Taƙaitawa

- Shata ita ce ɗaukar mota gaba ɗaya da direbanta.
- A zaɓi hanyar zagaye, a raba ta zango-zango, a sauka kafin magariba.
- Nisa ÷ 60 yana ba da awannin tuƙi. Sai a ƙara lokacin tsayawa.
- A nemi direba ta hannun sananne ko ta yuniyon, a duba takardu da mota.
- A rubuta yarjejeniya gaban shaida, a biya kuɗi kashi-kashi.
- A yi kasafi, a ƙara kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana.
- Hutun direba da labarin hanya na kowace safiya su ne ginshiƙan tsaro.

Tambayoyin bita

*A. Amsa a taƙaice*

1. Mene ne bambancin shiga motar haya da yin shata?
2. Kawo takardu huɗu da ya kamata a duba kafin a ɗauki mota.
3. Me ya sa hanyar zagaye ta fi riba?
4. Faɗi abubuwa biyar da ya kamata yarjejeniya ta ƙunsa.
5. A wane lokaci na shekara aka fi ganin namun daji a Yankari, kuma me ya sa?

*B. Cike gurbi*

6. Kuɗin da ake fara bayarwa domin tabbatar da ciniki shi ne __________.
7. An buɗe gidan tarihi na Jos a shekarar __________.
8. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce __________.

*C. Gaskiya ko ba gaskiya ba*

9. Ya kamata a biya direba kuɗinsa duka kafin a tashi.
10. Tayar da zanenta bai cinye ba tana da kyau komai tsufanta.
11. Barin direba ya kwana a mota hanya ce mai kyau ta rage kuɗi.

*D. Lissafi*

12. Jos zuwa Zariya kimanin kilomita 240 ne. Awa nawa tuƙin zai ci? Idan za a tsaya na awa ɗaya a hanya, kuma ana so a iso da ƙarfe 5:00 na yamma, ƙarfe nawa za a tashi?
13. Mota tana yin kilomita 10 da lita ɗaya. Lita nawa za ta sha a tafiyar kilomita 900? Nawa ne kuɗin idan lita ₦950 ce?
14. Kasafin wani ayari ₦600,000 ne. Ƙara kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, sannan ka raba wa mutum biyar.
15. An rubuta 1021 a gefen wata taya. A wane mako da wace shekara aka yi ta?

*E. Aikin rukuni*

Ku kasu rukuni-rukuni na mutum biyar. Kowane rukuni ya tsara tafiyar kwana uku daga Zariya zuwa Kano da Daura, domin ganin Rijiyar Kusugu. Ku tambayi nisan hanya da farashin shata a tasha mafi kusa da ku, ku tambayi farashin lita a gidan mai. Ku rubuta jadawali, kasafi da yarjejeniya, ku kawo aji a mako mai zuwa domin a tattauna.